Kawu da Azara ta Biyar

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Na Allah muke, wurinsa za mu koma, shi dai ya riga mu ne. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar ƙofar gidansa a Kafin Dafga ta cika har tabarmi suka kasa, aka shiga aro a maƙwabta.

Na zauna zaman makoki da yawa, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Mutum zai zo ya durƙusa ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" Mu ce, "Haƙuri mun gode Allah." Ya yi addu'a a shafa. Maimakon ya tashi ya ba na baya wuri, sai ya gyara zama ya fara ba mu labarin rufin ɗakinsa. Wani dattijo daga Kurugu ya ce azarar da ke tsakiyar zaurensa tsaga huɗu gare ta, kuma marigayin ya faɗa masa gidajen da ta zauna duka, ya lissafo mana su kamar mai karanto kakanninsa. Mai shayin bakin tasha ya zo yana share hawaye, wai kwanon rumfarsa ma daga hannun Kawu ya fito. Liman ya ce ƙyauren masallacin unguwa tsohon ƙyauren wani shago ne da aka rushe a Karaye. Wani kuma da kowa ya san ba sa jituwa ya yi addu'arsa tsaf, ya miƙe, ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma fa mutum ne mai taurin kai." Duk zauren aka yi dariya, har 'ya'yansa.

Ni ina gefe ina amsa gaisuwa da baki, zuciyata tana wani wuri. Akwai wata azara guda, ruɓaɓɓiya, a cikin wani rufi a ƙasar nan. Wani yana kwana a ƙarƙashinta bai sani ba. Ni na fitar da ita da hannuna, kuma mutumin da ya shekara bakwai yana nemanta, yanzun nan muka dawo daga rufe shi da ƙasa. Ga damina a bakin ƙofa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Magini ne tun yana saurayi, irin masu ginin ƙasa da rufin soro. Da bulo da siminti suka shigo, abokan sana'arsa wasu suka koma leburanci, wasu suka koma gona gaba ɗaya. Shi kuwa sai ya koma bin gidajen da ake rushewa. Duk inda aka ce za a sauke soro a kafa kwano, daga Karaye har Rogo, za ka gan shi da amalanke da gizagonsa a kafaɗa. Yakan ce giginyar da aka tsaga aka yi azarar nan ta fi shekara hamsin kafin a sare ta, to wane ne kai da za ka ƙone ta don dafa tuwon dare ɗaya? Idan ka taka masa azara a fili sai ya ce, "Ɗaga ƙafarka, wannan ta girmi ubanka."

Ba ya rubutun boko, kuma bai taɓa ajiye takarda ba. Jikin kayan shi ne littafinsa. Kowace azara ta shigo hannunsa sai ya ƙwanƙwasa ta da ƙotar gizago, ya kara kunne, tun daga gindi har kai. Idan ta amsa masa yadda yake so, sai ya yi mata tsaga ɗaya a ciki, ɓangaren da zai kalli ƙasa idan an ɗora ta. Rufi ɗaya, tsaga ɗaya. A gefe kuma ya yi alamar gidan da ta fito. Kwano da ƙyaure da taga kuwa da fenti yake musu. Saboda haka idan ya shiga ɗaki ya ɗaga kai, zai gaya maka wannan daga soron wane take, wannan ta ga gobara sau ɗaya, waccan saura damina goma a sauke ta.

Kuma azara ba ta ritaya a wurinsa. Doguwa ta tafi soro. Idan bakinta ya ci ruwa a yanke shi, ta koma ƙaramin ɗaki. Ta ƙara gajarta, ta hau kan ƙofa. Daga nan gindin rumbu. Murhu ne kawai bai yarda da shi ba. Mutumin nan da ya kira shi mai taurin kai, abin da ya haɗa su ke nan. Ya rushe gidan mahaifinsa, ya sa aka faskara azarorin don girkin biki. Kawu ya dawo daga masallacin Juma'a da farar rigarsa, ya hango, ya kutsa tsakiyar mata masu tuƙa tuwo ya zaro guda biyu daga cikin wuta, suna hayaƙi, ya saɓa ya tafi. Shekara guda cur yana amsa wa mutumin sallama saboda addini, amma ko "ya gida" bai ƙara masa ba.

Kyautarsa ma da salonta. Idan ya ji rufin wata tsohuwa ko na marayu ya fara zuba, ba zai ce ya kawo taimako ba. Sai ya sauke azara a ƙofar gidan ya aika ciki: "A ce da ita fili ya yi mini kaɗan, don Allah ta ajiye mini waɗannan a rufinta." Ya hau ya ɗora da kansa. Ajiyar Kawu tana cikin gidajen da ba su ƙirguwa, kuma ban taɓa jin ya koma ya karɓi ko ɗaya ba.

Wannan salon ne ya ja ni cikin rami. Shekarar da 'ya'yansa suka kai shi aikin Hajji, ni ya bar wa makullin filin kayan, don ina hutun makaranta, kuma ni ne wai mai ilimin gidan. Malamin firamare ne ni a Karaye, ina da mata da 'ya'ya uku a lokacin, ba yaro ba ne da za a ce ƙuruciya ce. Wata safiya wani manomi ya zo daga Kurugu, ɗakin mahaifiyarsa ya tsage, yana neman azara. Na zagaya filin. Duk kayan suna jibge a rana, sai guda biyar a can cikin rumfa, an jera su a kan duwatsu, an lulluɓe da asabari, wuri a share tas. Na ce a raina, abin da aka killace haka ai shi ne na gaban goshi. Na sa aka loda masa duka biyar. Har da cewa, "Ka ajiye mana su a rufinka," ina kwaikwayon muryar Kawu, ina jin kaina.

Kwana uku da dawowarsa, da 'yan sannu da zuwa suka ragu, ya zagaya filinsa. Ya ɗaga asabarin ya ga duwatsu kawai.

"Malam, ina na nan?"

Na ba shi labari da fara'a, ina jiran yabo.

"Ka ga wata alama a cikinsu?"

"Na ga wani zane, Kawu, kamar sawun kaza."

"Ka tambayi wani ma'anarsa?"

Na ce a'a. Ya zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun, ya cire hula ya shafa kansa da ke sabon aski. Ya ce duk azarar da ya yi wa sawun kaza, cikinta ya mutu, fata ce kawai ta rage. Ba ta sake hawa kan mai rai. Yanka ta ake yi gajeru-gajeru a kai maƙabarta, a jera a bakin kabari kafin a zuba ƙasa. "Na matattu ne, Malam. Shi ya sa nake lulluɓe su. Ni ma da laifina, ban gaya maka ba."

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Washegari da asuba muka loda lafiyayyu biyar muka nufi Kurugu. Aka fitar da tsohuwar, aka buɗe rufin da bai fi wata ɗaya ba, aka zaro, aka musanya. Huɗu muka samu. Ta biyar ta yi rara, sai manomin ya ba mai amalanken da ya yi masa dako. Muka nemo mai amalanke, ya ce ya kai ta Rogo ranar kasuwa, wani mutum ya saya, bai san sunansa ba, bai san garinsu ba. Dogo ne, in ji shi, da hula. Kawu ya ce, "To madalla, ka rage mana aiki, saura rabin ƙasar Kano."

Tun daga ranar bai huta ba. Duk kasuwar Rogo yana can. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, idan ya shiga zauren mutane sai ya ɗaga kai tukun kafin ya miƙa hannu, har ake tsokanarsa wai rufi yake fara gaisarwa kafin mai gida. Cikin gida kuwa ba ya shiguwa ga baƙon namiji, sai ya zana alamar a ƙasa da yatsa ya ce wa mai gidan, "Don Allah in ka shiga ka duba mini. Marar lafiya ce, ta kuɓuce mini." Su ce to. Mako ya zagayo su ce sun duba, babu.

Ta kuɓuce mini, haka yake faɗa. Ko sau ɗaya bai ce ɗan ƙanwarsa ne ya yi kyauta da ita ba. Sau da yawa ina tsaye a gefensa yake faɗin haka, kuma ban taɓa buɗe baki na gyara ba. Ina jin kunyar wannan har yau, fiye da kunyar kuskuren kansa. Ko Inna, matarsa, bai gaya mata zancen ba, don ya san tana ji za ta tuna wanda aka bar wa makulli.

Duk daminar da ta wuce ba mu ji labarin rufi ya faɗa wa wani ba, sai ya ce 'yan'uwanta na gefe ne ke ɗauke da ita. Lafiyayyar da muka dawo da ita daga Kurugu kuwa ya jingine ta a kusurwar rumfa. Mai unguwa ya nema ya hana, babban ɗansa ya nema ya hana. Amsarsa ɗaya ce: "Wannan tana da mai ita."

Zuwana na ƙarshe yana kwance, magana tana yi masa wuya. Ya ce huɗun nan da aka sauko da su a yanka, nasa ne. Sannan ya riƙe hannuna. "Damina ta takwas ke nan za ta shiga, Malam. 'Yan'uwanta sun gaji." Bai ce in nemo ta ba. Ya dai kalle ni, ya saki hannun. Da huɗun nan muka rufe kabarinsa, aka cika da wani itacen, ni na miƙa su ɗaya bayan ɗaya.

Kwana biyu na farko na zaman makoki na yi abin da Kawu ya saba. Duk wanda ya zo daga wajen Rogo sai in raka shi bakin hanya in zana masa sawun kaza. Kowa ya ce, "Ai marigayi ya taɓa tambayata." Ranar uku, bayan an yi addu'a an raba gumba, na ji ba zan iya ci gaba da riƙe abin ni kaɗai ba. Na yi sallama na shiga cikin gida. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu, tsakar gida cike da mata 'yan gaisuwa. Na durƙusa kusa da ita na yi ƙasa da murya na faɗa mata komai, har da muryar Kawu da na kwaikwaya.

Ta kalle ni. "Ni na ɗauka irin neme-nemensa ne na kullum. Ashe rai ne a ƙarƙashi. To shekara bakwai su wa kuke tambaya?"

"Masu gidaje, Inna."

"Maza?"

"E, Inna."

Ta ajiye carbin. "Kai da kawunka, Allah ya jiƙansa, duk hankalinku ɗaya. Namiji yana kallon rufi? Ya shigo ya ci ya kwanta, gari na wayewa ya fice. Ka ce ya duba, sai ya leƙa daga bakin ƙofa ya dawo ya ce babu. Macen da ta yi jego kwana arba'in a ɗaki, ita ta san azarar ɗakin guda nawa ce, ta san wadda ta karkace. Miƙo mini tsinken tsintsiyar can."

Ta zana sawun kaza a ƙasa, ya fi na Kawu kyau ma. Ta ɗaga murya ta ce kowace mace ta zo ta gani. Ta ce wadda ta san wannan a ɗakinta, ko na maƙwabciya, ko na gidan iyayenta, ta faɗa, kuma kowa ta kai zancen garinsu. Sannan ta nuna ni da tsinken: "Wannan malamin ne ya bayar da ita, ba marigayi ba." Mata kusan hamsin suka juyo suka kalle ni. Amma wallahi a lokacin na ji wani nauyi ya sauka daga wuyana.

Ranar ba wadda ta ce komai. Na koma zaure ina cewa a raina na tona asirin kaina a banza. Washegari ma shiru, hadari ya haɗu da la'asar ya yi duhu, iska ta kwashe shi. Rana ta biyar da hantsi wani mutum ya tsayar da babur a ƙofar gida. Dogo ne, da hula. Na gane shi, a gabana Kawu ya tambaye shi sau biyu a kasuwar Rogo. Ya yi gaisuwa ya yi addu'a, sannan ya fara sosa ƙeya.

Daga Ruwan Bago yake. Matarsa ta zo gaisuwar uku tare da mahaifiyarsa, ta gane alamar tun a nan, kunyar suruka ta hana ta magana cikin mutane. Suna isa gida ta ja shi ɗaki ta nuna masa. Azarar tana saitin gadonta. Haihuwa uku ta yi a ƙarƙashinta. Ta ɗauka wani tsari ne magini ya yi wa ɗakin, har tana jin daɗi. Bara garin ruɓaɓɓen itace ya fara zubowa daga wurin, sai ta ɗaura tsohon zane a ƙasa yana tarewa.

Na ce, "Amma Kawu ya tambaye ka."

Ya ce, "Wallahi Malam na duba. Zaure na duba."

A ranar muka loda wadda ke jingine a kusurwar rumfa, muka ɗauki magini guda cikin waɗanda Kawu ya koya wa aiki. Muna isa aka kwashe kayan ɗakin, matar ta koma wurin surukarta da yaran. Na shiga na ɗaga kai. Ga ta nan, sawun kaza raɗau, saran gizagon Kawu kamar jiya aka yi. Na tsaya ina kallonta kamar na ga ɗan'uwan da ya ɓata. Maginin ya kafa tokara biyu, suka hau suka sare ƙasar rufin. Da aka zaro ta, mutum biyu suka riƙo, ana ajiye ta a tsakar gida ta karye biyu, gari ya tashi. Mai gidan ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Matar ta leƙo daga ɗakin surukarta, ta kalli guntayen, ta jawo ƙaramar 'yarta ta rungume.

Kafin a ɗora sabuwar na karɓi gizagon, wanda na ɗauko daga ɗakin Kawu. Tsaga biyu gare ta, na ƙara ta uku. Tsagar ta fito a karkace, maginin ya yi dariya ya ce marigayi da ya gani da ya ce kaza ce ta yi tono. Aka ɗora, aka mayar da ƙasa, aka yaɓe. Ruwan fari ya sauka bayan kwana shida, mai yawa, har indararon gidana ya kasa ɗauka. Na zauna a bakin ƙofa ina kallonsa. Shekara bakwai rabon da in ji ƙarar ruwan sama ba tare da gabana ya faɗi ba.

Yanzu duk ƙarshen mako ina Kafin Dafga. Ni da maginin nan muna bin kayan filin ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mini ma'anar kowace alama, ina ɗaukar hotonta a waya ina rubutawa, don kada wani mai ilimi irina ya sake zuwa ya yi gwaninta. Wasu alamomin shi ma bai san su ba, sun tafi tare da mai su. Waɗannan mukan ƙwanƙwasa mu kara kunne, mu yi abin da za mu iya.

Guntayen ta biyar kuwa na dawo da su a amalanke tun ranar. Na shiga wurin Inna na gaya mata an samu, an sauke, kowa lafiya. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta goge ido da gefen mayafi. Na ce gobe zan sa a gyara su a kai maƙabarta.

"Guda nawa za ta fita?"

"Ba za ta wuce uku ba, Inna."

"Ba za su ishe ni ba, na sani. A sa mini su ta wajen kai, a cika da wani itacen. 'Yan'uwanta huɗu suna wurin kawunka." Ta ɗauki carbinta. "Ka mayar da su kan duwatsun nan ka lulluɓe. Kuma wannan karon ka gaya wa kowa na wace ce."

Suna can a rumfa ƙarƙashin asabari, kuma na gaya wa kowa. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa Aljanna ce gidansa. Inna kuma Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa su daɗe suna jiranta.